Kafaɗar sa, jarin manomi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, damana ta gabato, kowa yana gyaran garma da amalanke. Amma kafin mu ɗora wa sa karkiya, ya kamata mu san yadda Allah ya gina kafaɗarsa, domin a nan ƙarfin aikinsa yake.

Mu fara da jikinmu. In mutum ya shafa ƙasan wuyansa, zai ji wani ƙashi a kwance wanda ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Sa da doki da jaki ba su da wannan ƙashi. Tsoka ce kaɗai take riƙe da ƙafafunsu na gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga haka: da wuƙa ake yanke tsokar, ƙafar gaba ta fita ba a sare ƙashi ba. Ƙafar baya kuwa sai an raba gaɓar ƙugu.

Tsokoki da aikinsu

Babbar tsokar tana ƙarƙashin allon kafaɗa, a shimfiɗe kamar mafici. Ta taso daga haƙarƙari da ƙasusuwan wuya, ta kama allon ta ciki. Ita da tsokokin ƙirji ne suke rataye da gangar jiki tsakanin ƙafafu biyu, kamar salka tsakanin itace biyu. Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne: kashi 55 zuwa 60 cikin 100 na nauyin dabba a kan ƙafafun gaba yake.

Wata doguwar tsoka ta taso daga kai, ta bi gefen wuya, tana jawo ƙafa gaba. Wata mai faɗi ta taso daga gadon baya, tana mai da ƙafa baya. Da kowane taki, allon kafaɗa yana zamewa gaba da baya a kan haƙarƙari. Tozon shanunmu ma, na Azawak ne ko na Bororo, tsoka ce da kitse, babu ƙashi cikinsa.

Inda ɓarna take fitowa

Karkiya mai kaifi ko mai kaushi tana murje tsoka, wurin ya kumbura, daga baya ya zama miki. Akwai kuma wata jijiya da ta bi ta gaban allon kafaɗa, kusa da gaɓa. In ta sha matsi ko bugu, tsokokin da ke kan allon sai su bushe, ƙashi ya fito, dabba ta riƙa ɗingishi. Warkewa takan ɗauki watanni, wani lokaci ma ba a warkewa. Sa ɗaya ya kwanta a tsakiyar noma, aikin garma ya tsaya ke nan.

Abin da za mu yi

1. Mu sassaƙa karkiya mai faɗi, mu goge ta ta yi sumul. Ta zauna bisa wuya, gaban tozo.
2. Mu haɗa shanu masu tsawo ɗaya, kada nauyi ya karkata ga guda.
3. Ɗamarar ƙirjin jakin amalanke ta zama mai faɗi da taushi, kada ta shaƙe maƙogwaro, kada ta sauka kan gaɓar kafaɗa.
4. Akumari ya zauna bayan allon kafaɗa, kaya su daidaita dama da hagu.
5. Rani yana cinye tsoka. Tun kafin ruwa ya sauka, mu ƙara wa shanun aiki harawa da dusa da gishiri, mu fara da aiki mai sauƙi.
6. Kowane marece mu shafa wuya da kafaɗa. In mun ji zafi ko kumburi, mu hutar da dabbar. In ta ci gaba da ɗingishi, mu kai ta wurin likitan dabbobi.

Dabba ba ta da bakin kai kuka, idonmu da hannunmu ne bakinta. Allah ya ba mu damana mai albarka.