Jarabar Intanet da Ƙiba a Tsakanin Ɗaliban Jami'a

Ɗalibin da jarabar intanet ta kama yakan shafe sa'o'i a zaune ko a kwance, ido na kan waya, jiki bai motsa ba. Abincin da bai ƙone ba sai ya taru ya zama kitse. Ga kuma ciye-ciye: hannu ɗaya na latsa waya, ɗaya na kai biskit da lemon kwalba baki, ba a lura da yawan abin da aka ci.

Raba dare ma babbar illa ce, domin ƙarancin barci yana ƙara sinadarin girelin mai tayar da yunwa, yana rage leptin mai sanar da ƙoshi. Wani lokacin kuma ƙibar ce kan fara zuwa, kunya ta hana ɗalibi filin wasa, ya koma ɗaki ya rungumi waya.