Ta Ina Ake Tashi Bana? Neman Buɗaɗɗen Filin Jirgi Daga Mafaza Zuwa Kano

Da zarar riɗi ya shiga kasuwar Gadarif, an fara yankan dawa, sanyi kuma ya kankama, to wayata ba ta samun hutu. 'Yan'uwa daga Mafaza, Hawata da Fawu kowa tambayarsa ɗaya: "Alhaji, bana ta ina ake tashi?" Lokacin ne kuɗi ke hannun mutane, kuma lokacin ne dangi a Kano da Katsina ke sa ranar biki domin ta dace da hutun ƙarshen shekara. Tambayar kamar mai sauƙi ce, amma ni ta taɓa cinye mini kuɗin buhu ashirin na riɗi.

Kafin yaƙi babu mai wannan tambaya. Ka bi ta Fawu da Madani ka kwana Khartum, washegari ka hau Sudan Airways ko Badr, cikin awa huɗu kana filin Malam Aminu Kano. Hanyar ma tsohuwa ce. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 na sojan Ingila ne, daga Masar suka taso suka ratsa Sudan. A 1936 aka fara jigila tsakanin Khartum da Kano, ana yada zango a Ubayyid, Fashir, Junaina da Maiduguri. Kusan sawun kakanninmu jirgin ya bi, waɗanda suka tako da ƙafa da niyyar Makka, wasunsu suka tsaya noma a bakin kogin Rahad, ga mu har yau.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, wannan ƙofa ta rufe. Faɗa tsakanin soja da dakarun RSF ya faro har da cikin filin jirgin Khartum, jirage suka ƙone a inda suke ajiye, aka rufe sararin samaniyar ƙasar gaba ɗaya. Kun tuna yadda aka kwashe ɗaliban Najeriya: wasu a bas har iyakar Masar, daga Aswan aka ɗauke su zuwa Abuja a farkon watan Mayu, wasu kuma ta Bur Sudan. A watan Agusta aka buɗe sararin gabashin ƙasar, Bur Sudan ya zama ƙofar kowa da kowa.

A Disambar wannan shekarar ce aka sa ranar auren ɗiyar ƙanena a Kano, ni ne kuma waliyyi. Na samu wani dillali ta WhatsApp, ya turo mini takarda mai sunana da na uwargida da ranar tashi, na tura masa kuɗi ta waya. Muka kama hanya daidai lokacin da Madani ta faɗi, titin Gadarif cike da masu gudun hijira, mata da yara a saman lori da katifu. Daga Gadarif zuwa Bur Sudan ta Kasala da Hayya kusan kilomita 800 ne, ga shingayen bincike, sai da muka kwana biyu.

A ƙofar filin, ma'aikaci ya duba takardar, ya dube ni. Ya ce, "Ya Hajji, wannan ai kama wuri ne, ba a biya ba. Tun shekaranjiya ya faɗi." Na kira dillali, waya a kashe. Hajiya ba ta ce uffan ba, sai ta zauna a kan akwati. Wallahi da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Kwana tara muka yi a garin da kuɗin ɗaki ya fi ƙarfin talaka, kafin na samu kujera biyu ta Alƙahira. Da muka doshi Kano kuma sai hazo ya hana sauka, aka wuce da mu Abuja. Muka shiga Kano a mota kwana ɗaya bayan ɗaurin aure. Wani ne ya karɓi sadaki a madadina.

Bayan na dawo ne na zauna da wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙa ƙaramin jirgin feshi a gonakin audugar aikin noman Rahad. Muna shan jabana na ba shi labari, ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan kasuwa kun ɗauka filin jirgi kamar tasha ce, in dai tana nan to a buɗe take." Ya ce su masu ƙananan jirage ba sa ɗagawa sai sun san abu huɗu game da inda za su sauka: akwai izini, akwai mai, ƙasa ta bushe, kuma za su isa da sauran rana, domin filin ƙasa ba shi da fitilu. Baƙar ƙasarmu ta Gadarif da damina ko tarakta kafewa take, sai da rani take ɗaukar jirgi, shi ma sai an aika yaro ya kore shanu.

Shi ne ya fara gaya mini akwai wata sanarwa da ake kira NOTAM, wadda hukumar jiragen sama ta kowace ƙasa ke fitarwa ga matuƙa: fili kaza a rufe yake daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ko babu mai, ko ana gyaran titi. Ya ce matuƙin kirki yana karanta ta ranar da zai tashi, domin ta jiya ba ta aiki yau. Na tambaye shi ko mutum zai iya haya ƙaramin jirgi daga Gadarif, tunda akwai fili a nan. Ya girgiza kai. Ya ce a lokacin da kowa ke ɗaga kai yana neman jirgi marar matuƙi, ba mai hankalin da zai tashi ba tare da izinin soja ba.

Maganarsa ta tabbata. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari Kasala da Bur Sudan, aka dakatar da tashi na ɗan lokaci. Filin Khartum, wanda soja suka karɓe a Maris ɗin 2025, an sanar za a buɗe shi ga jiragen cikin gida a Oktoba, ana gobe buɗewa aka kai hari kusa da shi. Saboda haka duk wanda ya ce maka "fili kaza a buɗe yake", tambaye shi: yaushe ka ji?

Ga abin da nake gaya wa masu kirana. Na farko, lambar kama wuri haruffa shida ce, tikitin gaskiya kuwa lamba 13 gare shi. In ba ka ga 13 ɗin ba, ba ka da komai a hannu. Ka sa yaro ya duba maka a shafin kamfanin kafin ka bar gida, ka sake dubawa a Kasala.

Na biyu, daga Bur Sudan ana bi ta Alƙahira ko Addis Ababa, kuma EgyptAir da Ethiopian duka suna zuwa Kano. Amma tun Yunin 2023 Masar ke neman biza daga duk mai fasfon Sudan, har mata da tsofaffi, don haka ka tabbatar zangonka ba zai sa ka fita daga filin ba. Katin rigakafin shawara ma kar a manta shi a gida.

Na uku, hanyar Gallabat da Matamma zuwa filin Gondar ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba, sai dai yankin Amhara ba lafiya tun 2023, iyakar kuma an sha rufe ta. Ga bukukuwan Habasha: Kirsimetinsu 7 ga Janairu, Timkat kuma 19 ga wata, wanda Gondar ke cika maƙil dominsa. Ni dai ba zan bi da iyali ta nan ba.

Na huɗu, filin da za ka sauka shi ma yana rufewa. Hazon hunturu a Disamba da Janairu yana hana jirgi sauka Kano. In ranar biki Asabar ce, ka yi nufin isa tun Asabar ɗin da ta gabace ta, ka kuma ware kuɗin kwana goma a aljihu dabam.

Bana ma an sa ranar ɗan ƙanen Hajiya. Tikiti na hannuna, na ƙirga lambobin sau uku, 13 cif. Hajiya ta karɓa ta sake ƙirgawa da kanta, sannan ta ce a fara ɗaure kaya. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya kai kowa gida ya dawo da shi.