Zane uku a filin gini guda

Shekarun baya, zanen gini takarda ce babba da ake naɗewa a kawo wa ɗan kwangila hannu da hannu. Yanzu ta WhatsApp yake zuwa. Sauƙin da aka samu ba ƙarami ba ne, amma ya zo da wata matsala da ta yawaita a Kano da Kaduna da Abuja: birkila na aiki da zanen makon jiya, fulamba na riƙe da na watan da ya wuce, sabon kuma yana wayar maigida.

Tushen abin ya girmi waya. Masu gini da yawa suna ɗaukar fulan a matsayin takardar neman izini kawai. Da zarar hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ta buga hatimi, sai a sallami mai zanen, a sallami injiniya, ba wanda aka biya ya zauna ya haɗa zanen fasali da na rodi da na ruwa da na wuta ya ga ko sun dace da juna. Takardar bayanin kayan aiki kuwa, wadda ke faɗin kaurin rodi da yadda za a kwaɓa kankare, sau da yawa ba a ma rubuta ta. Dokar gine-gine ta ƙasa ta 2006 tana nan, amma ba ta cika isa bakin rami ba.

Sai tsada ta ƙara dagula lamarin. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabo, maigida ya shiga canza shawara ana tsakiyar aiki. Inda injiniya ya rubuta rodi mai milimita 16, a sa mai 12. Kwaɓin da aka saba, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a ƙara masa yashi. Wani lokacin a ɗora bene na uku kan tushen da aka lissafa wa biyu, da baki kawai.

Sakamakon farko ɓarnar kuɗi ce: a zuba dekin, fulamba ya zo ya tarar ba a bar masa hanyar bututun ban-ɗaki ba, ya ɗauko guduma da kurfi ya huda bim, har ya yanke rodi. A shafe da filasta, a yi fenti, rauni ya ɓuya a ciki shekaru. Sakamako na biyu rayuka ne. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutane fiye da 40, kuma rahotanni sun nuna injiniyoyin da suka fara aikin sun janye hannunsu tun a 2020.

Manyan kamfanoni sun koma manhajoji irin su Revit, waɗanda ke nuna inda bututu zai ci karo da bim tun a kwamfuta. Mai gina shaguna shida a Sabon Gari ba ya buƙatar wannan. Abin da yake buƙata mutum guda ne da aka biya ya riƙe zanen, kowane gyara ya samu lamba da kwanan wata, a buga na ƙarshe a manna a filin aiki, a yaga na baya. Kuɗin wannan bai kai na fasa dekin guda ba.