Ba Kullum Firinta Ce Mai Laifi Ba

A shagunan buga takardu na titin Ahmadu Bello, da na kewayen jami'ar jihar Kaduna (KASU), har ofisoshin da ke Kawo, akwai hukuncin da ake saurin yankewa. An danna a buga saƙon imel daga Outlook, takarda ba ta fito ba, sai a ce firinta ta lalace, a kira injiniya. Masu faɗin haka suna da hujjarsu. Ƙurar hunturu tana cika inji, wutar janareta tana ƙona kaya, kuma da yawan firintocinmu na hannu ne. Amma, 'yan'uwa, sau tari injin lafiyarsa ƙalau. Saƙon ne bai isa gare shi ba.

Outlook ba ta da firinta tata ta kanta. Wadda Windows ta ajiye a sahun gaba take miƙa wa aiki, musamman idan aka ce ta buga takardar da aka maƙala wa saƙo kai tsaye, ba tare da an buɗe ta ba. To tun Nuwamban 2015 Windows 10 ta zo da wani saiti da ke ba ta ikon zaɓen ta sahun gaban da kanta, kuma wadda aka yi aiki da ita a ƙarshe take ɗauka. Ga inda gizo ke saƙar: a wurin Windows, mayar da takarda PDF ma bugu ne. Ɗalibi ya zo ya adana silip ɗinsa na JAMB a PDF ya tafi, shi ke nan, duk saƙon da ya biyo baya can zai nufa, firintar HP kuwa tana zaune tana jira. A kashe wannan saiti, a zaɓi firintar shago da hannu.

Haka in an sauya wa igiyar USB kafa, Windows kan ƙirƙiro kwafin firintar na biyu, Outlook ta ci gaba da aika wa na farkon. In kuma an ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, aiki ɗaya kan maƙale ya tare na bayansa, sai an share layin. Akwai kuma girman takarda: A4 muke saya a Kasuwar Gumi, mai tsawon milimita 297, amma saitin kan tsaya a kan ta Amurka mai 279, firinta ta yi ta ƙifta fitila tana neman takardar da ba mu da ita.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin injiniya ba ne. Wani in ya rasa gane matsalar sai ya ce a goge kwamfutar a sake zuba mata Windows, saƙonnin shekaru da Outlook ta adana a cikinta su salwanta. Kafin a kai nan, a buga shafin gwaji daga saitin firintar. In ya fito, a bar sukudireba a aljihu, a duba sunan firintar da Outlook ke aika wa.