Likitan Jiki Ko Likitan Haƙori: Ina Za Mu Tura Yaranmu?

Duk shekara idan muka tambayi yaran ajinmu abin da suke so su zama, mafi yawan masu ƙoƙari a cikinsu likita suke cewa. Har yanzu ba mu ji wanda ya ɗaga hannu ya ce likitan haƙori ba. Iyaye ma haka suke. A ganinsu asara ce yaro ya shekara 6 a jami'a don ya koyi cire haƙori, aikin da wanzami ma yake yi. Wannan ra'ayi ne muke so mu ɗan tattauna a kansa.

Babu ɗan Zangon Kumasi da bai san asibitin Komfo Anokye na Bantama ba, wanda muka fi kira "Ji", daga sunan kamfanin Gee, Walker & Slater da ya gina shi a shekarun 1950. A 1975 ne aka mai da shi asibitin koyarwa, lokacin da jami'ar da yau ake kira KNUST ta buɗe makarantar likitanci. Daga Aboabo ko Sabon Zango tafiyar mota ce kaɗan. Amma tsohuwar da ba ta jin Tonanci sosai, balle Turanci, sai ta tafi da jikanta ya yi mata tafinta, kuma akwai ciwon da kaka ba za ta iya faɗa a gaban jika ba. Wannan ba laifin kowa ba ne sai ƙarancin namu a cikin aikin.

Hanyar shiga iri ɗaya ce ga su biyun. Shekara 6 a jami'a, sannan shekara 2 na aikin gwaji a ƙarƙashin manyan likitoci kafin hukumar likitoci ta ba mutum cikakkiyar rajista. Shigar ce tsauri. A jarrabawar WASSCE ana neman yaro ya ci A1 a kusan dukkan darussa 6 da ake ƙirgawa, kuma ko hakan ba tabbas ba ne, don masu nema sun fi gurbi yawa. Wanda ya rasa gurbin gwamnati sai ya shiga sahun masu biyan cikakken kuɗi, abin da ya fi ƙarfin mai sayar da koko ko direban tasi. Abin da iyaye ba su lura da shi ba, hukuncin tun a aji 3 na ƙaramar sakandare ake yanke shi. Yaron da bai zaɓi fannin kimiyya ba a lokacin cika takardar zaɓen makaranta, ya rufe wa kansa ƙofa yana ɗan shekara 15.

Likitan jiki yana da daraja, kuma fagensa faɗi gare shi: yara, haihuwa, tiyata, ido da sauransu. Tun 2003 da aka buɗe kwalejin ƙwararrun likitoci ta Gana, ba dole sai mutum ya tafi Ingila ba kafin ya ƙware. Sai dai kwanan asibiti babu Sallah babu Juma'a, a kan tura mutum ƙauyen da babu kayan aiki, kuma albashin bai kai yadda ake zato ba. A 2015 likitocin gwamnati sun yi makonni suna yajin aiki a kan sharuɗɗan aikinsu. Ga kuma namu nauyin na Zango: ranar da aka ce wane ya zama dokta, daga ranar kuɗin suna da na biki da na makarantar ƙanne duk sun koma wuyansa.

To, haƙori fa? Sai a 1997 ne Korle Bu ta yaye rukunin farko na likitocin haƙori da aka horar a cikin gida. Kafin nan ƙasashen waje ake zuwa. Kumasi ta buɗe tata makarantar daga baya. Saboda haka har gobe ba su da yawa, kuma akasarinsu a Akara da Kumasi suke. Likitan haƙori ya fi samun kwana a gidansa, ya kuma fi saurin buɗe wurin kansa, in ya sami jarin kujera da injuna, waɗanda daga waje ake sayo su da tsada. Wuni yake yi a sunkuye, ciwon baya da na wuya ba sa barinsa. Inshorar lafiya ta NHIS, wadda aka kafa dokarta a 2003, tana biyan cirewa da ƙaramin ciko, amma ba ta biyan haƙorin roba, don haka talaka yakan ce a cire kawai.

Kuma aikin ya wuce cirewa. Mu da muke tashi da goro mu kwana da ataya mai sukari kamar zuma, ba ma zuwa wurin likita sai kunci ya kumbura, bayan an gama da kanumfari da ruwan gishiri. Ruɓaɓɓen haƙorin ƙasa yana iya tara mugunya ta gangara ƙarƙashin haɓa har ta toshe numfashi, kuma ana mutuwa da haka. Wanda okada ta kayar muƙamuƙinsa ya karye, likitan haƙori da ya ƙware a tiyatar fuska ne yake ɗora shi. Wanzami ba ya wannan.

Namu ganin, 'ya mace mai kai, wadda iyayenta suke tsoron kwanan asibiti zai hana ta zaman aure, a nuna mata haƙori maimakon a cire ta daga kimiyya gaba ɗaya. Ko da yake likita mace a ɗakin haihuwa ita matanmu suka fi nema. Wanda makinsa ya gaza kaɗan kuwa, kwalejin kiwon lafiya ta Kintampo tana horar da mataimakan likita, har da na ɓangaren haƙori. Kafin a cika takardar zaɓen makaranta ta bana, uba ya zo da ɗansa ya same mu, mu duba makinsa na lissafi da kimiyya tare.