Ɗokin Sabon Keken Dutse da Nauyin Ra'ayin Farko

Daga cikin ire-iren kekunan dutse akwai wanda aka ƙera domin ya haɗa aiki biyu, wato hawan tudu mai tsayi da gangarowa ta hanya mai duwatsu, kuma ana gane shi da shokozoba a gaba da baya, wadda kan lotsa kimanin milimita 140 zuwa 160 domin ta shanye gargada. Wasan hawan keken dutse ya samo asali ne a shekarun 1970 a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka, amma sai a 1981, da kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, keken dutse ya shiga kasuwa da yawa, kuma tun daga lokacin fitowar sabon samfuri ta zama abin da mahaya ke zuba ido a kai.

Babban dalilin wannan ɗoki shi ne cewa sauye-sauyen da aka yi a baya sun canza yadda ake hawa da gaske, domin ƙara girman taya daga inci 26 zuwa 29, da ƙirƙiro sirdin da mahayi ke saukarwa ko ɗagawa yana cikin tafiya, sun sa gangara mai haɗari ta zo da sauƙi, har mahaya suka saba da tsammanin irin wannan ci gaba a kowane samfuri. Kamfanoni kuma suna rura wutar da gangan, inda sukan ba 'yan jarida keken tun kafin ya fito bisa sharaɗin kada a wallafa komai sai ranar da aka tsayar, sai sharhi ya fito daga ko'ina a lokaci guda.

A nan ne matsalar take, domin ra'ayin farko yakan ginu ne a kan hawan 'yan kwanaki, a hanyar da kamfani ya zaɓa, da keken da makanikansa suka daidaita, alhali kuwa abubuwan da suka fi damun mai saye, kamar ƙarkon boris, da sauƙin gyara, da samuwar kayan gyara, ba sa bayyana sai bayan watanni na laka da ƙura. Stumpjumper 15 da ya fito a 2024 misali ne mai kyau: an yaba wa sabuwar shokozobarsa ta baya mai suna GENIE, wadda aka yi da haɗin gwiwar kamfanin Fox, amma kuma an yi ƙorafi kan cewa gangar jikinsa ta kabon ba ta da hanyar wayar giya, abin da ya tilasta wa mai shi amfani da giya mai batir, wadda ta fi tsada. Wannan ƙorafi yana da tushe, tunda ya shafi aljihun mai keken har tsawon rayuwar keken.

Yanayin kasuwa ma ya rage wa ɗokin ƙarfi. A 2020 da 2021, lokacin annobar korona, kekuna sun yi ƙaranci har mutane na biyan kuɗi suna jiran watanni, amma zuwa 2023 kaya sun yi kwantai a shaguna, aka shiga karya farashi, kuma masu saye da yawa suka koma neman samfurin bara, wanda an riga an san ƙarfinsa da rauninsa.