Yadda ake mayar da babur ya zama mai taya biyu a gaba, ɗaya a baya

Keke Napep taya ɗaya gare shi a gaba, biyu a baya. Akwai tsarin da ke juya wannan, biyu su koma gaba. Kamfanin Morgan na Ingila ya fara ƙera irinsa tun 1910, a 2007 kuma kamfanin BRP na Kanada ya fito da Can-Am Spyder. Masu sha'awa a Amurka da Turai kan haɗa nasu a gida daga babur.

Yawanci ba a taɓa bayan babur: inji, giya, sarƙa da tayar baya suna nan. Gaban ake cirewa, a yi waldar firam na bututun ƙarfe, a ɗaura tayoyi biyu da shokabzoba, galibi na ƙaramar mota.

Wahalar aikin a gaban take. A kwana, tayar ciki gajeriyar hanya take bi, don haka dole sitiyari ya karkatar da ita fiye da ta waje. In ba a saita sandunan sitiyari ba, tayoyin za su riƙa gurzar kwalta su cinye da wuri. Nauyi kuma ya zauna ƙasa-ƙasa, kusa da tayoyin gaba, domin wannan abin hawa ba ya karkata kamar babur. In nauyin ya yi sama ko baya, shan kwana da gudu kan ɗaga tayar ciki ya kife. Birkin dama da na hagu su kama lokaci guda, in ba haka ba, abin hawan zai fizge gefe.

Ran mutum ne a kan wannan walda, don haka a ba gwani, a gwada a fili, a yi rajista kafin a hau titi.